Kunyar da Inna Ta Ja a Bakin Dam

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Laraba ta Gozaki,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, daga 'yarki da har yau ba ta saba da rashinki ba.

Inna, jiya na kai jikokinki bakin dam ɗin Mairuwa, suka shiga kwalekwale, suka jefa ƙugiya. Ni kuwa ina can tudu ina dariya ni kaɗai.

Kin tuna damunar da coci ta kai mu zangon kwana uku a wurin, 'yan matan Funtua da Malumfashi da mu na ƙauye? Ke aka ɗauka ki yi mana girki. Kowa da akwatinsa, ke kuwa sai ga ki da garma a kafaɗa! Da 'yan birni suka tambaye ni, na ce ke wata 'yar garinmu ce. Kin ji, kika ci gaba da hura wuta.

Malama Rahila, shugabar tafiyar, ta sa aka kafa tantuna gab da ruwa, wai ciyawar wurin ta fi laushi. Kika ce, "Malama, ciyawar da ta yi shar haka, makwancin ruwa ne." Aka yi miki shewa. Kika ja tantinmu kan tudu, kika zagaye shi da kunya irin ta dankali. Wata mai bakin tsiya ta ce, "'Yar garinku tana ta yin kunya, ke kina ta jin kunya." Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Kai! Kafin a ce kwabo, tabarmi da takalma sun kama hanyar dam, buhun shinkafa ya jiƙe sharkaf. Namu tantin ko ɗigo, ruwa ya bi bayan kunya ya wuce abinsa. Duk aka tsugunno wurinmu ana rawar ɗari, kina raba musu kunu.

Da aka ɗauke ruwan, Malama Rahila da kanta ta roƙe ki aron garma don ta ja wa tantinta kunya. Kika tsaya a kanta kina cewa, "Sunkuya sosai, Malama, ƙasa ba ta san takarda ba." Sannan ta ɗago ta tambaya ko akwai 'yarki a cikinmu. Kika juya wajen murhu, kin bar mini zaɓi.

Na miƙe, na ce da ƙarfi, "Innata ce!" Aka ɗau tafi. Ke dai cewa kika yi, "To, zo ki wanke tukunya." Amma na ga kin goge ido da bakin zane.

Ban taɓa ce miki ki yafe mini ba, Inna. Yau na ce, a gaban kowa.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa, ya sada mu cikin murna. Amin.

'Yarki ta cikinki,
Saratu