Bangon Katako a Madinat Khalifa

Al Rayyan, Doha,
Laraba, 11 ga Satumba.

Zuwa ga Yayata Ikilima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da kewa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya ƙafar Inna? Ranar Juma'a na ji a muryarta cewa ciwon gwiwar ya sake tashi, ko da yake ta ce mini babu komai. Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya ja mana kwananta. Yaya damina a Funtuwa? An ce bana ruwa ya yi yawa har katangar bayan gidan Baba ta zauna, Allah ya sa abin ya tsaya nan. Mu nan jiki alhamdu lillahi. Mufeeda tana ɗan tari amma da sauƙi, babanta kuma yana zuwa aiki. Na zaɓi in rubuta da hannu in ɗauki hoton takardar in turo miki, domin abin da ke bakina in na fara shi a waya ba zan kai ƙarshe ba.

Na ga saƙonki na watan jiya, inda kika ce har yanzu Kawu Dikko bai huce ba. Kin ce duk wanda ya je gaishe shi sai ya ba shi labarin yadda jirginsa ya yada zango a Doha a hanyar dawowa daga Umra, ya yini cur a garin, 'yar ƙanwarsa ta zaga da shi bakin teku da kasuwa, ta saya masa shinkafa a gidan abinci, amma ba ta nuna masa ko ƙofar gidanta ba. Kin tambaye ni ko girman kai ne ya kama ni. Ban amsa ba, kuma na san shirun ya ƙara ɓata miki rai. Yaya, duk abin da Kawu ya faɗa haka aka yi. Abin da bai sani ba shi ne ba ni da gidan da zan nuna masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, yau kuma zan nuna miki nawa.

Kin san Baban Mufeeda ya shekara huɗu a nan shi kaɗai yana aikin gwajin jini a wani asibitin kuɗi a unguwar Al Mirqab, kullum abin da ya hana shi ɗauko mu shi ne wurin zama. A ƙarshen bara wani Alhaji Nasidi, mutumin wajenmu ne, ya fi shekara ashirin a ƙasar nan, shi ne ma ke jagorantar zaman da 'yan Arewa ke yi duk wata, ya kira shi ya ce ya daina wahalar da iyalinsa. Ya ce yana da gida a Madinat Khalifa, akwai ɗaki na iyali, kuma takardar haya mai hatimin hukuma da ake buƙata kafin a ba mace da 'ya'yanta katin zama, wannan a bar shi da ita, aikin mako biyu ne. A kan wannan maganar na ajiye aikin koyarwata na shekara bakwai, na raba wa ƙannena kayan ɗakina, muka taho da bizar ziyara da niyyar a mayar da ita ta zama.

Ranar da muka iso, da motar ta tsaya na ga katon gida mai bene da doguwar katanga da itacen dabino a ƙofa, har na fara hamdala a zuciyata. Da muka shiga sai na ga takalma sun fi ƙafa arba'in a bakin ƙofa. Ashe Alhaji ya kama gidan ne gaba ɗaya daga hannun mai shi, ya sa kafinta ya yayyanka shi da katako, ya zuba iyali tara a ciki. Namu yankin wani ɓangare ne na falon ƙasa. Katifa ɗaya da akwatuna biyu suka cika shi, in zan yi salla sai na jingine katifar da bango. Babu taga. Na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya ce aka huda katakon aka raba mana da maƙwabta, rabin iskarta namu rabi nasu. Kicin ɗaya, banɗaki biyu, mu wajen talatin. Na juya na dubi Baban Mufeeda, shi kuma yana duban ƙasa. Ya ce in yi haƙuri na ɗan lokaci ne, da zarar katin ya fito za mu nemi wani wuri. Nan Kawu yake so in kawo shi, ya tsallake takalman mutane, ya zauna a kan katifar da muke kwana, ya koma ya ba Inna labari.

Hotunan da nake turo muku na dogayen benaye da ruwa shuɗi ba ƙarya ba ne, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tekun nan sau ɗaya muke ganinsa a mako, ranar Juma'a da yamma in akwai kuɗin mota. Sauran kwanakin shi yake zuwa wurinmu, ba a ido ba, a jiki. Tun da zafi ya shigo iskar garin ta zama kamar tururin tukunya, tufafi ba sa bushewa, bango yana gumi. Katakon ɗakinmu ya yi baƙi daga ƙasa, in na goge da safe kafin kwana uku ya dawo. Daga nan tarin Mufeeda ya samo asali. Ba a fita da yaro da rana, ba tsakar gida, ba maƙociyar da za ki leƙa ki ce a sam miki gishiri ku tsaya hira. Kowa yana bayan katakonsa yana jin numfashin kowa, amma in an haɗu a layin banɗaki sai a sunkuyar da kai kamar ba a san juna ba.

Mutum ɗaya na samu, Adisa, Bahaushiyar Zangon Kumasi, mijinta direba ne. Ita ce a ɗaya gefen katakon, da ita muke raba iskar sanyin. Hausarta daban, da farko har dariya take ba ni, amma ita ta koya mini lokacin da kicin ke zama babu kowa da kantin da ake samun kuɓewa. Ita ce kuma ta fara lura da abin da ni uwa ban lura da shi ba. Ta ce mini yarinyar nan ta daina magana da ƙarfi. Saboda kullum ina ce mata ta yi a hankali wani yana barci, ta rage murya mutane suna ji, sai Mufeeda ta koma raɗa. Wata Juma'a muka je bakin teku, fili iya ganinki, yara suna ta guje-guje. Ta ja mayafina, ta kawo bakinta kunnena, ta tambaye ni a raɗe ko nan an yarda a yi gudu. Yaya, kin san Mufeedar da ta bar Funtuwa, wadda Inna ke cewa ana jin muryarta daga bakin titi. Na ce mata ta je ta yi, na juya baya don kada babanta ya ga fuskata.

Maganar takarda kuwa, mako biyu ya zama wata biyu, wata biyu ya zama shida. Duk lokacin da Baban Mufeeda ya je, Alhaji yana da amsa a shirye. Yau mai gidan ya yi tafiya, gobe ofis ya canza tsari, jibi a ƙara haƙuri ai shi ba zai cuci ɗan'uwa ba. Mu kuma muna ta sabunta bizar ziyara har aka ce mana wannan ce ta ƙarshe. Sai wani abokin aikin Baban Mufeeda ya zaunar da shi ya gaya masa gaskiya, cewa gidan da aka yanka ba da izini ba har abada ba za a buga wa takardarsa hatimi ba, kuma duk wanda ya shekara ashirin a garin nan ya san haka. Tun ranar da Alhaji ya kira shi, ya san ba za a samu takardar ba. Ɗaki ne ya zauna masa babu kowa, ya duba bai ga wanda zai yarda da shi ido rufe ba sai na gida.

Baban Mufeeda ya karɓi hutunsa na shekara gaba ɗaya, muka bazama neman gida na gaskiya. Mako uku muna yawo a cikin wannan rana. Wanda ke kusa da wurin aikinsa, hayarsa kaɗai ta kusa cinye albashin. Wanda muke iyawa kuma, in ka kira dillali a waya sai ya ce yalla, wato maza, ku zo yanzu, akwai. Sau uku muna isa, mutumin ya dube mu daga sama har ƙasa, ya duba wayarsa, ya ce ai yanzun nan wani ya kama. Na ukun ma ko wayar bai duba ba, ya ce mai gidan ya fi son iyali daga wasu ƙasashe, ya lissafo su, babu tamu. Ina tsaye riƙe da hannun Mufeeda, mijina da ke gwada jinin 'ya'yansu kullum ya ce masa ya gode. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai.

Muna cikin haka, wata ranar Lahadi da hantsi, ma'aikatan hukumar gari suka zo dubawa. Ba su yi wa kowa tsawa ba, aikinsu suka yi. Suka zaga, suka rubuta, suka manna takarda a ƙofa cewa a cire katakon cikin kwanakin da suka ɗiba. Aka yi ta kiran Alhaji bai ɗauka ba. Da Baban Mufeeda ya tare shi bayan sallar Juma'a, cewa ya yi shi ma asara ya yi, khalas, wato shi ke nan, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, kuma bai kamata ɗan'uwa ya tsare ɗan'uwa a ƙofar masallaci ba. Ya shiga motarsa ya tafi. A zaman wata da ya biyo baya an ce shi ya buɗe taro da addu'a, ya yi nasiha a kan riƙon amana, kuma babu wanda ya tayar da maganarmu, domin rabin mutanen wurin a gidajensa suke.

Ranar da mai gidan ya turo a ɓalle katakon muna nan, don ba mu gama kwashe kaya ba. Ina tsaye suka cire bangon da ke tsakanina da Adisa, sannan na gaba, sannan na gaba. Kafin azahar sai ga mu iyali huɗu tsaye a falo ɗaya, katon falo mai daɓen marmara, kowa da katifarsa da tukwanensa a fili, kowa yana kau da kai daga tsiraicin ɗan'uwansa. A nan na ga taga. Babbar taga ce mai gilashi, tana kallon dabinon nan na ƙofa, kafintan ya rufe ta da katako ya buga ƙusa saboda ta faɗo daidai kan layin da ya raba ɗakina da na Adisa. Wata takwas ina kwana, kaina bai fi taku ɗaya daga gare ta ba. Adisa ta dube ni, na dube ta, ta fara dariya, dariyar ta juye mata kuka. Su sun koma wajen wani ɗan'uwan mijinta can bayan gari, ban san ko zan sake ganinta ba.

Yanzu ni da Mufeeda muna gidan wata likita 'yar Bauci, Hajiya Zuwera, a nan Al Rayyan. Ta ji labarinmu ta ba mu ɗakin baƙinta, Allah ya saka mata da alheri. Baban Mufeeda ya koma inda ya fito, ɗakin da gado ake haya ba ɗaki ba, su shida. Bizarmu za ta ƙare ƙarshen watan nan, jirginmu zai sauka Kano ranar Alhamis, ashirin da shida ga wata, da safe. Ina roƙon ki abu uku. Ki sa maigidanki ya zo ɗaukarmu shi kaɗai, kada a tara mutane tarya, ba tsarabar da zan raba. Ki je wurin hedimastanmu ki ji ko akwai sauran gurbi, ko na wucin gadi ne. Sannan ki karanta wa Kawu Dikko abin da kika ga ya dace daga takardar nan, ki ce ina neman gafararsa, zan zo da kaina in durƙusa.

Akwai na huɗu, wanda ban gaya wa kowa ba sai ke. Ba mu biyu za mu sauka ba, Yaya, ina da juna biyu, wata huɗu ke nan. In Allah ya sauke ni lafiya, abin zai zo ne tun kafin hutun babansu ya sake zagayowa, shi kuwa na bana ya ƙare a ƙofofin dillalai. Da na gaya masa lissafin sai ya ce zai turo sunan ta waya, Kawu ya tsaya masa a wurin raɗin suna. Ya ce baɗi zai sake gwadawa. Na ce masa Allah ya kai mu, amma ba zan sake cire yarinya daga gida a kan alkawarin bakin wani ba. Bai yi musu ba. Ki share mini ɗakin nan na kusa da na Inna, a nan nake so in haihu.

Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki bi da ita a hankali kafin ki gaya mata, kada hawan jininta ya tashi. Ki gaida maigidanki Malam Sunusi, da Gwaggo Atine, da Kamil da amaryarsa, da yaranki ɗaya bayan ɗaya. Baban Mufeeda yana gaishe ku, ya ce a taya shi da addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Kausar.