Kaskon Kaji da Tudun Baba

Zuwa ga Yaya Lamburos,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka Efantiya. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, a can Ostareliya. Mu nan da sauƙi, sai gwiwar Inna da ke tashi duk sanda aka yi danshi, danshi kuwa ba ya barin gidan nan.

Yaya, bana ma kogi ya shigo mana, har gindin gadon Inna. Ka san shawarar da muka yanke, mu bar kwarin nan mu yi gini a kan magula, tudun gonar Baba, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba. Mijina Zisis har ya sayo bulo. Sai ga masu binciken tarihi, suna bin gonaki a jere, kai a ƙasa, suna tsintar tsingaro. Mijin nawa kuwa ka san shi da son baƙi, ya jawo shugabarsu gida shan gahawa. Zamanta ke da wuya ta hango kaskon ruwan kajinmu, wanda garmar Baba ta tono tun muna yara. Saura kaɗan ta ɓarar da gahawar. Ina ta harararsa, shi kuwa gogan naka sai cewa ya yi ai irinsa sun cika tudun, har da raka ta.

Yanzu hukuma ta kewaye tudun da waya, wai wurin tarihi ne. Ba gini, ba rijiya, garma ma kada ta wuce zurfin taki ɗaya. Ba mai sayen tudun, ba mai sayen gidan da kogi ke kwana a ciki. Raina a ɓace yake, Yaya, na rasa inda zan sa kaina.

Matar ba muguwa ba ce. Jiya ta zo da murnarta, wai mutanen dauri sun shafe dubban shekaru a tudun, gida bisa gida, don gudun ambaliya, wai masu wayo ne. Na ce mata ai mu ma wayon nan muka so mu yi.

Ka gaishe mini da matarka Kaliyopi da su Argiro. Zisis na gaisuwa, da kunyarsa. Inna ma na gaishe ka daga kan gadonta. Bulon nan muka jera a ƙarƙashin ƙafafun gadon, iyakar ginin da aka bar mu mu yi ke nan.

Taka har kullum,
Efantiya