Sunanka a Ƙasan Shafi

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Ko kana raye ma sai dai in karanta maka, tunda kai da boko ba ku taɓa haɗa hanya ba. Amma maganar ta cika mini ciki, dole in fitar da ita.

Gida lafiya lau. Inna ƙafar nan ce dai ke taɓa ta. 'Yarka Rabi ta haihu, namiji, an mayar masa da sunanka. Daginka da igiyar ginar rijiya suna nan a zaure, Inna ta hana a ara wa kowa.

Ka tuna ranar da na kawo maka kundin digirina na farko, wanda na rubuta a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa? Ka tambaye ni shafukan ƙarshe na mene ne, na ce sunayen waɗanda na ɗauko ilimi a wurinsu ne. Ka sa na karanta maka su ɗaya bayan ɗaya. Ka saurara har na kai ƙarshe, ka ce madalla. Baba, rabin abin da ke babi na uku daga bakinka na ji shi. Sai na rubuta wai masu ginar rijiya suna cewa, na wuce. Kunya na ji in sa sunan mai ginar rijiya a tsakiyar furofesoshi. Ka gane a ranar, ko? Na san ka gane.

Kai kuwa ba ka taɓa faɗin magana ba ka faɗi mai ita ba. Ko zancen inda marmara ke ƙarewa yumɓu ya fara ne, sai ka ce daga bakin ubangidanka Ɗan Ige na Bakura ka ji, shi kuma daga Mande na Maradun. Ni da Rabi har dariya muke yi a ɓoye, muna cewa kafin Baba ya gama lissafo mutanensa tuwo ya huce.

To, yanzu na gama digiri na biyu, kuma tun farko na rantse sunanka sai ya shiga. Nan rigima ta tashi. Salon da sashenmu ke bi wajen ambaton madogara shi ne a sa sunan marubuci da shekarar da aka buga littafinsa. Abin da mutum ya faɗa maka da baki ba ya shiga jerin ƙarshe, wai don mai karatu ba shi da inda zai je ya duba. Akwai wani salon na 'yan tarihi, inda ake sa 'yar lamba a kan magana, a yi bayanin mai ita a ƙasan shafi: sunansa, sana'arsa, garinsu, har wanda ya ji daga gare shi. Shi na roƙa. Malamar da ke duba aikina ta ce za ta kai maganar gaban sashe, amma da sharaɗi: in tabbatar ana iya bin sawun abin da ka faɗa. In ba haka ba, a cire babin da maganarka ke ciki gaba ɗaya, da kai da shi.

Na hau mota daga Mafara zuwa Bakura. In babu wanda ya san Ɗan Ige fa? Ashe yana raye! Ya tsufa tukuf, idanun sun tafi. Da na ce ni ɗanka ne sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ban gaya masa abin da ka ce ba, tambaya kawai na yi. Wallahi Baba, amsarsa taka ce sak. Kalma da kalma, yadda kake faɗa: jar ƙasa, sai marmara, sai yumɓu mai sanyi, in ka ga farin rairayi ka fara bismillah, ruwa na kusa. Yana gamawa ya ce wannan ba tasa ba ce, ta Mande ce, kuma rijiyar da Mande ya koya masa a cikinta tana nan a Maradun, gaba goma sha ɗaya zuwa idon ruwa. Haka kake faɗa kai ma.

Inna ba ta so in je Maradun ba, ka san yadda hanya ta koma. Na dai je. Na sami rijiyar a bayan wani tsohon masallaci, mata na jan ruwa. Da suka ba ni wuri na zura igiya har ta taɓa ƙasa, na jawo, na auna da hannuwana kamar yadda ka koya mini. Gaba goma sha ɗaya. Na sake aunawa da ma'aunin makaranta don in rubuta. Allahu akbar! Magana ta bi bakin mutum uku, babu takarda babu alƙalami, kuma ko taƙi ba ta goce ba. Ta yaya kuka yi wannan? Mu da muke da na'ura, sau nawa muke ɓata sunan marubuci tsakanin shafi da shafi?

Sashe ya amince. Yanzu a ƙasan shafi an rubuta: Malam Isa, mai ginar rijiya, Talata Mafara, daga Ɗan Ige na Bakura, daga Mande na Maradun.

Jiya na kai wa Inna kundin, na ɗora yatsanta a kan sunanka. Na ba ta haƙuri cewa rubutun ƙanana ne, kuma can ƙasa aka sa ka. Ta daɗe tana shafa wurin. Sai ta ce in bar ba ta haƙuri, ai can ƙasa ka yi rayuwarka kana aiki, mu muna sama muna sha.

Ka yafe mini, Baba. Allah Ya jiƙanka, Ya shayar da kai ruwan Alkausara.

Ɗanka da ya makara,
Sanusi