Dabino Cikin Kashin Raƙumi

Da sunan Allah. Daga ƙanenka Sambo a Sakkwato zuwa ga Yaya Buhari a Agadas, gaisuwa da ban girma. Ina gajiya, ina iyali? Mu nan lahiya lau.

Bayan haka, lambun Baba na Kwalkwalawa ya farfaɗo. Ka san yadda ka bar shi, albasa ba ta wuce ƙwan zabo, har na yi niyyar haƙura da shi. Kashin awakinmu bai isa ba, sai na tahi zangon Azbinawa na kwaso na raƙuma. Inna ta hana ni ɗiba inda anka sauke gishiri, ta ce kuma ɗanye ƙone shuka yake. Na tara shi da toka, damina ta ratsa shi har ya yi baƙi, sannan na zuba.

Yaya, albasar bana sai da hannu biyu! Amma ba ita ta ɗaure mini kai ba. Tsakiyar fangali, inda na shuka albasar, na iske wani tsiro tsaye kamar mashi. Na tona a hankali, sai ga ƙwallon dabino. Raƙumi ya haɗiye shi can wajenku, ya ratso hamada da shi, ya aje mini. Na zauna bakin rijiya ina ta tasbihi.

Inna ta kewaye shi da ƙaya. Tunda kai ne ɗan fari, ba ta faɗin sunanka, tsiron take tambaya kullum: "Na Agadas ya sha ruwa?"

Ka sa mu addu'a, ka gai da mutanen gida. Inna ta ce dabino yana daɗewa bai haihu ba, ita kuwa ba ta yi alkawarin jira ba.