Agogon Don Anselmo

Lahadi, 10 ga Maris

Yau agogon ƙasa ya koma baya da awa ɗaya, kamar kowace shekara in azumi ya ƙarato. Na gyara na hannuna, da na kicin, da na ɗakin Umma. Saura kwana ashirin da ɗaya wata ukuna na gwaji su cika a ofishin Si Mufaddal. In ya sa hannu, na zama ma'aikaciyar wakilin jiragen ruwa a tashar Tanja. In bai sa ba, na koma gida da takardar digirina. Har yanzu bai taɓa kirana da sunana ba, sai 'yar jami'a.

Talata, 12 ga Maris

Azumi na ɗaya. Babu jirgi. Kaina ya yi ciwo daga la'asar.

Alhamis, 14 ga Maris

Zan rubuta komai a jere, yadda ya faru.

Jirgin masu yawon shaƙatawa ya iso daga Malaga da safe, fasinja dubu biyu da ɗari ɗaya da arba'in. Si Mufaddal ya ajiye ni a gindin tsani ni kaɗai, ina miƙa wa masu sauka katin da ke da lambar wayar ofis. Allon jirgi ya ce kowa ya dawo biyar da rabi. Amma jirgin bai taɓa agogonsa ba, yana kan lokacin Sifaniya, wato biyar da rabinsu huɗu da rabinmu ne. Na san wannan. Na rubuta shi a littafina tun jiya, har na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Wani tsoho mai hular saƙa ya tsaya ya tambaye ni ƙarfe nawa a garin nan. Na ce goma da minti biyar. Ya fara kokawa da agogon hannunsa, yatsunsa na rawa, matarsa na jan rigarsa. Sai na karɓa na mayar masa da shi baya da hannuna. Ya yi godiya, suka wuce. Ban ƙara tunawa da su ba.

Huɗu da rabi jami'ar jirgi ta ce mutum biyu ba su dawo ba. Biyar saura minti goma ta sauko da ambulan, fasfo biyu da aka ciro daga ɗakinsu. Haka ake yi, in jirgi zai bar mutum sai a damƙa wa wakili fasfonsa. Na buɗe na farko na ga fuskar mai hular saƙa.

Ƙarfe biyar jirgi ya tashi. Biyar da minti ashirin sai ga su suna tafe a hankali, hannu cikin hannu. Tsohon ya ɗaga mini agogonsa yana murmushi, wai sun riga lokaci da minti goma. Sannan ya juya ya ga ruwa fayau inda jirgi yake ɗazu.

Sunansa Anselmo, nata Remedios. Shekarunsa tamanin da ɗaya, nata saba'in da takwas. Wayarsu tana kashe a jaka tun Malaga. Sun ce suna zaune a kan katangar da ake kira ta malalata, can saman gari, lokacin da jirgin ya fita, har Don Anselmo ya nuna mata ya ce ga wani irin nasu sak.

Si Mufaddal ya yi dariya har ya dafa mota. Shekara talatin da ɗaya yana tashar nan, ya ce bai taɓa ganin waɗanda suka yi wa jirginsu bankwana daga tudu ba. Ya tambayi yadda aka yi. Don Anselmo ya kalle ni sau ɗaya, ya ce shi ne ya taɓa agogonsa. Ni na bar maganar a haka.

Mun kai su otal kusa da tasha. Jirgin ya nufi Lisbon, ranar Lahadi zai tsaya Kadis ta Sifaniya daga takwas na safe zuwa shida na yamma. Can za mu sada su da shi.

Akwai takardar rahoto da zan cika, a aika wa kamfanin jirgin ranar Litinin. Layi na bakwai: dalilin makara. Wanda na gada a kujerar nan an sallame shi ne a kan abin da bai kai wannan ba.

Na sha ruwa da dabino ɗaya, ban iya cin komai ba.

Juma'a, 15 ga Maris

Iskar gabas ta taso. An dakatar da jirgin fito mai ƙetarawa zuwa Tarifa ta Sifaniya, sai abin da hali ya yi.

Na gaya wa Umma rabin labarin, ban da maganar agogo. Ta ce baƙi biyu tsofaffi a otal cikin azumi, kuma ina zaune ina kallonta? Ta ƙara ruwa a tukunyar miyar harira ta kore ni in ɗauko su.

Ashe Doña Remedios a Tanja aka haife ta. Babanta tela ne, sun tafi tana da shekara tara, ba ta sake dawowa ba sai jiya. Da Umma ta miƙa mata kwano sai ta yi godiya da Larabcinmu, irin na yaran da, kalmomin da ban taɓa ji ba sai a bakin kakata. Umma ta ajiye ludayi ta zauna kusa da ita. Kafin a kira isha suna kiran juna 'yar'uwa, Umma na yi mata tsiya wai tana magana kamar yarinyar da aka aika sayo gawayi. Ita kuma ta ce shabbakiyar Umma, irin alkakinmu na azumi, zuma ta yi mata yawa, ta ci huɗu.

Don Anselmo ya yi aikin jirgin ƙasa shekara arba'in, mai kula da lokacin tashi da sauka. Ya ce ɗabi'arsa ce duk garin da ya sauka ya daidaita agogonsa da na garin kafin ya sha ko ruwa. Matarsa ta ce shekara arba'in yana hana mutane makara, ya tara tasa ya yi ta gaba ɗaya.

Da na raka su ƙofa ya riƙe ni a baya. Ya san da takardar rahoton, irinta ya cika ba adadi.

"'Yata, rubuta cewa tsoho ne da tsohon agogo. Ni babu mai korata daga ko'ina."

Na ce to. Ban san me nake nufi da to ɗin ba.

Asabar, 16 ga Maris

Iska har yanzu. Na duba sanarwar tasha sau shida.

Abin da ya kai su cikin gari ranar Alhamis gidan su Doña Remedios ne, ba su same shi ba. Ba ta tuna sunan lungu, sai dai cewa akwai gidan gashin burodi a ƙasansu, da matakala goma sha ɗaya zuwa famfo. Na zauna da taswira na fitar da wurare uku. A na biyu ta tsaya cak, ta ce ƙamshin ne. Na ƙirga matakalar, goma sha biyu ne. Na kusa faɗa, sai na haɗiye.

Mai gashin burodin ya ce bai san wani tela ba, shi a shekarar tamanin da biyar ya zo. Duk da haka ya ba ta burodi mai zafi, ya ƙi karɓar komai. Ta rungume shi a ƙirji har otal, ba ta gutsura ba saboda ina azumi, duk da na ce ta ci. Don Anselmo yana bayanmu yana share ido, wai iska ce.

Da rana na cika takardar sau biyu. A ta farko na rubuta: fasinja ya canza agogonsa zuwa lokacin gari. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, na karanta kalma kalma. A ta biyu na rubuta wanda ya juya agogon. Duk biyun suna cikin jakata.

Umma ta ce fuskata kamar wadda ta haɗiyi ƙashin kifi. Na gaya mata sauran. Ba ta ce in yi kaza ba. Cewa ta yi in aikin ya tafi akwai wani, kuma in daina taunar farce.

Lahadi, 17 ga Maris

Iska ta kwanta. Jirgin fito na ƙarfe tara ya tashi tara da minti goma sha biyu.

Na rubuta musu komai a takarda ɗaya, kowane lokaci sau biyu, namu da na Sifaniya. Direba zai jira su a Tarifa da sunansu a kwali. Umma ta aiko da shabbakiya a gwangwani. A bakin shiga Don Anselmo ya miƙo mini hannunsa ya ce wadda ta ɓata ita za ta gyara. Na tura agogon gaba da awa ɗaya. Doña Remedios ta sumbace ni a kumatu sau huɗu, ta ce in gaya wa 'yar'uwarta ta rage zuma.

Ya sake raɗa mini maganar takarda. Na ce ya kula da tsani.

Direba ya kira biyu saura kwata agogonmu. Sun shiga jirginsu.

Gidan ya yi shiru a shan ruwa. Umma ta fito da kwano huɗu, ta mayar da biyu.

Litinin, 18 ga Maris

Takarda ta biyun na ba Si Mufaddal.

Ban yi jarumta ba. Abin da na kasa jurewa shi ne tunanin shekara da shekaru ina zaune a kujerar nan, ta farkon tana cikin fayil a bayana.

Si Mufaddal ya sa tabarau ya karanta. Ya daɗe a layi na bakwai. Sannan ya tambaye ni ko na san tsohon nan ya gaya masa laifinsa ne har sau uku, ba tare da an tambaye shi na biyu da na uku ba. Na ce ban sani ba. Ya ce tun ranar Alhamis ya gane wani ake karewa, kuma mutum ɗaya ce a gindin tsani.

Na ce to me ya sa bai yi magana ba. Ya ce yana jiran Litinin.

Ya ɗauki biro ya ƙara layi a ƙarƙashin nawa: wakili ya bar sabuwar ma'aikaciya ita kaɗai a jirgin farko bayan canjin agogo, bai kafa allon gargaɗi ba. Ya sa hannu kusa da nawa.

"Aika haka, Wi'am. In za su yi faɗa su yi mana tare."

Sai da na fito na shiga banɗaki na yi kuka, minti biyar ko shida.

Juma'a, 22 ga Maris

Amsar kamfanin jirgin ta zo, layi huɗu, babu gaisuwa. Ba su raba hanya da mu ba, amma sun sa mana alama a fayil. Si Mufaddal ya ƙara mini wata ɗaya a kan gwajin, zuwa 30 ga Afrilu. Ya ce dole mai ofis, wanda shi ma yake ƙarƙashinsa, ya ga an yi wani abu. Na ce daidai ne. Daidai ɗin ne kuma, ko da ya yi zafi.

Laraba, 27 ga Maris

Kati daga Sifaniya, da sunan Umma. Rubutun Doña Remedios ne, Larabci da haruffan boko. Ni na karanta mata, sau uku.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Sifaniya ta tura nata agogon gaba ranar Lahadi, yanzu awa biyu ke tsakaninmu. Jirgi daga Kadis, fasinja dubu ɗaya da ɗari tara. Na kafa allo a gindin tsani da harsuna huɗu, duk wanda na ga hannunsa ya nufi agogo na tare shi. Wani Bajamushe ya ce na cika tsawa. Muryata ta dishe kafin azahar.

Duk da haka mata biyu ba su dawo ba. Jami'in jirgi ya sauko da ambulan. Na ce ya riƙe tukuna, ya ba ni minti goma. Ya ce ba ya bayarwa. Na ce jagoran da ke fitar da jirage daga tasha ma bai hau ba, babu inda za su kafin ya hau, kuma na ga matan da safe suna tambayar kasuwar darduma, na san shagunan da ake kai irinsu. Na kira shago na farko, na biyu. A na uku aka ce ga su nan ana zuba musu shayi. Na ce wa mai shagon ya sa su a tasi yanzu, darduma ta biyo su ta gidan waya. Sun hau da saura minti biyu, ɗaya takalminta a hannu.

Ba wani abu ba ne, aikin ke nan. Saura kwana ashirin da shida, kuma har yanzu ban san ko zai sa hannu ba.

Umma ta tambaye ni me Si Mufaddal ya ce da ya ga haka. Na ce ban sani ba. Ban ma duba ko yana wurin ba.