Rasuwar Likitarmu da Jinin da Muka Ba Ta Amana

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Masu Fama da Ciwon Kumburin Gaɓoɓi ta samu labarin rasuwar Hajiya Farfesa, shugabar ɗakin binciken ƙwayoyin halitta, wadda manyanmu da yaranmu ke kira Anti Likita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta ƙarar da ƙuruciyarta a wani ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda, tana neman dalilin da kumburi ke tashi a jikinmu ya ƙi kwanciya. Ita ta fahimtar da mu cewa jiki kan liƙa wa sinadaran furotin na cikin ƙwayoyinsa wata 'yar alama, kamar allin tela a kan yadi, su tashi yaƙi da cuta, idan an gama ya goge ta su huta. Mu kuwa alamarmu ba ta goguwa. Takan tsokane mu cewa sojojin jikinmu ba su san an tashi daga aiki ba, mu yi dariya da kumburarrun yatsunmu.

An sha ɗibar jininmu a baya a tafi ko waiwaye babu, shi ya sa da ta zo muka gindaya mata sharaɗin cewa hannunta kaɗai zai taɓa abin da muka bayar, ta kuma amince. Yanzu hukumar cibiyar da take aiki ta sanar da mu, bisa ƙa'ida, cewa tunda sharaɗin ya hana kowa taɓawa, za a ƙone duk abin da ke cikin firjin da take adana jininmu. Mu da ke raye za mu iya janye sharaɗin, amma jinin da ya fi nuna mata hanya na 'yan'uwanmu ne da ciwon ya riga ya kai kabari, kuma babu mai janyewa a madadinsu. Ba mu san abin da za mu faɗa wa 'ya'yanmu da suka gaji ciwon ba.

Muna roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya ba mai girma maigidanta, da 'ya'yanta, da ɗalibanta juriyar wannan babban rashi. Mu ma a saka mu a addu'a, domin mun yi jana'izar likitarmu, ga shi muna jiran jana'izar aikinta.

Sa hannu:
Baba Mai Sanda,
Kakakin Ƙungiya.