Ni na rufe wa ɗana baki, yanzu fuskarsa ce a fostar Honorabul

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana. Ku yi haƙuri da rubutun, iyakata aji huɗu a firamare sai islamiyya, kuma ni mai surutu ce, in na ɗauko zance sai na kai ƙarshensa. Don Allah ku ba ni shawara, wani abu ne ya tsaya min a wuya, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni matar aure ce a nan Dutse, wajen Limawa, amma asalinmu wani ƙauye ne a gefen Aujara. Maigidana malami ne, yana da 'yar makarantarsa a ƙofar gida, ni kuma ina dama fura a cikin gida ana saye, ba na fita sai biki ko gaisuwa. Ɗana na fari ɗan ƙwallo ne, a nan zan ce masa Abba tunda haka muke kiransa a gida. Ba zan faɗi kulob ɗinsa ba, amma in kai ɗan Jigawa ne mai kallon ƙwallo ka san shi, ana nuna shi a talabijin, yara suna rubuta lambarsa da biro a bayan riga. Ni ban san kan ƙwallo ba. Akwai gidan kallo a bayan katangarmu, daga irin ihun da suke yi nake gane ci ne ko ɓari, in kuma shi ya ci ihun daban ne, har kwanon rufi suke duka.

Lokacin da na haife shi muna ƙauye, kwana tara da haihuwa ciwon nono ya kwantar da ni, ruwan ya ɗauke gaba ɗaya, yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Akwai wata Bafillatana daga rugar bayan garinmu da ke kawo mana nono, tana goye da nata jaririn mai suna Buba. Ta shigo ta tarar ana ɗura wa Abba ruwan koko da cokali, ba ta tambayi kowa ba, ta sauke ƙwaryarta ta karɓe shi ta ba shi mama. Wata huɗu tana zuwa safe da yamma, a ƙafa, da damina. Malam ya ce daga ranar ta zama uwarsa a shari'a, 'ya'yanta mata muharramansa ne. Dada yake ce mata, ni ma haka na bi bakinsa, ita kuma ni take ce wa uwar ɗana. Da muka dawo Dutse ba ta yanke ba, duk bayan sati biyu sai ta hau mota ta zo da nono da man shanu, mu zauna a tabarma mu yi ta gulmar surukai. Duk Sallah kuwa Abba sai ya je ruga ya durƙusa ya gaishe ta.

To da kakar da ta wuce shanun rugar suka shiga gonar wani ɗan baffanmu suka yi ɓarna, aka yi faɗa, aka ji wa mutum biyu ciwo. Ba zan ɓoye ba ɓarnar ta yi yawa, geron shekara ne, na ga matarsa tana kuka. Amma dagaci da arɗo sun zauna, an yi sulhu, magana ta fara kwanciya. Sai ga wani Honorabul da ke neman kujera a yankinmu ya je ƙauyen ranar kasuwa ya kafa lasifika. An turo odiyon a guruf ɗinmu na matan unguwa, na saurara sau uku don ban yarda da kunnena ba. Cewa yake waɗannan mutanen ba 'yan ƙasar nan ba ne, baƙi ne suka zo suka same mu, kar wanda ya ƙara sayen nononsu, kar a sayar musu da dusa, in ya hau kujerar, burtalin shanu ma gona zai zama. Ana tafi, wani maroƙi yana ta kirari a baya, wata mata har da guɗa. Abin da ya fi ba ni ƙyama, ni na san muryar nan, na taɓa jin ta a wani ɗaurin aure a unguwarmu daga cikin gida, yana bugun ƙirji wai shi jinin Fulani ne gaba da baya. Kuma duk garin an san shanunsa a hannun wa suke. Ranar da Fulatanci ke da riba shi Bafillace ne, ranar da ƙuri'a ke wajen manoma kuma baƙi ne.

Ba a yi sati ba aka zubar wa 'yan matan ruga ƙore biyu na nono a kasuwa, aka kori 'ya'yan Buba daga famfon da suka saba ɗiba. Abba ya ji, ya kira ni a waya, ya ce shi zai yi bidiyo ya saka a shafinsa, zai ce shi nonon Bafillatana ya sha, duk wanda ya ce Dada baƙuwa ce to shi ma baƙo ne, kuma zai kama sunan Honorabul ƙarara. Ni kuma tsoro ya kama ni. Na tuna 'yan jagaliyar mutumin, na tuna ƙannensa mata da ke tafiya makaranta a ƙafa, na tuna makarantar Malam da ba ta da ko ƙyaure mai kyau. Sai na ce masa ban yarda ba, ban lamunta ba, in ya buɗe baki a kan maganar nan ban yafe masa ba. Ku iyaye mata kun san nauyin wannan kalmar, ni ma na sani, shi ya sa na ɗauko ta. Sai ya ce, "To Umma." Shi ke nan.

Bayan wata ɗaya ya zo hutu. Ashe Honorabul ya sa wa matasa gasar kofi, an zo wasan ƙarshe. Tsohon kocinsa, wanda ya fara saya masa takalmi yana yaro, ya zo har zaure ya ce ana so Abba ya je ya rataya wa yara lambar yabo kawai, ba siyasa a ciki. Abba ya shigo ya tambaye ni, fuskarsa ta nuna ba ya so, ni da bakina na ce ya je, ai ba a watsa wa koci ƙasa a ido, minti nawa ne. Yana hawa dandamali mutumin nan ya cire hularsa ya ɗora masa a ka, ya kama hannunsa ya ɗaga sama, ya ce a lasifika ga ɗan ƙasa na asali, jininmu tsantsa ba gauraye. Na ga bidiyon. Abba yana tsaye kamar an dasa shi, leɓensa na motsi, amma bai ce komai ba, kuma ni kaɗai na san abin da ya riƙe shi. Kwana biyu tsakani hoton ya zama fosta, a tasha, a jikin adaidaita sahu, har a bangon gidan kallon bayanmu.

Kashegari aka sauke mana buhun shinkafa da atamfa turmi biyu wai na uwar gwarzo. Suna nan a zaure har yau, Malam ya ce kar a shigar masa da su ciki, ni kuma ko taɓa ledar ba na son yi. Maƙwabciyata kullum sai ta leƙo ta ce, "Maman Abba in ke ba kya ci ai mu muna ci, shinkafa ba ta da jam'iyya." Matan da ko gaisuwar mutuwa ba sa zuwar min yanzu sun gano hanyar gidana, kowacce da takardar ɗanta a jaka wai in sa baki a wajen Honorabul. Ni da ban taɓa ganinsa ido da ido ba.

Ran Asabar ɗin nan Dada ta zo. Da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi. Ta yi sallama kamar kullum, ta tambayi Malam, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye min man shanu. Na kawo mata ruwa ta taɓa da leɓe ta ajiye. Can sai ta ce, "Uwar ɗana, na ga ɗana a jikin bango a tasha. Hular ta yi masa kyau." Na rasa inda zan sa fuskata. Na fara kame-kame ina cewa ai yaudararsa aka yi, ta ɗaga min hannu ta ce ita ba ta zo tambaya ba. Ta ce Buba ya gaji, za su tashi su yi wajen Bauchi kafin ruwa ya sauka, ita ma ba za ta zauna ita kaɗai a kufai ba. Sai ta ce abu ɗaya ya kawo ta, in gaya wa Abba wannan Sallar kar ya je inda suke, samarin ruga ransu a ɓace yake, ba ta so a gaya masa maganar da za ta kwana tana jin zafinta. Wato har yanzu shi take karewa. Na raka ta bakin zaure, ta wuce ta gefen buhun nan, ta kalle shi ta kalle ni, ta gyara mayafi ta tafi. Ban gaya mata ni na hana shi ba. Bakina ya kasa.

Da na gaya wa Abba saƙonta bai yi min tsawa ba, bai taɓa yi ba. Cewa ya yi, "Umma ke kika ɗaure ni, ni kuma ba zan tsallake maganarki ba ko za a zage ni har kabari." Yanzu wayarsa minti ɗaya ce, ina kwana, ya Malam, sai anjima. Yaron da a da ba ya ajiye waya sai na ce masa tuwona zai ƙone.

Na nemi shawarar Yayana da ke ƙauye, shi ya ce kar in kuskura in janye. Ya ce ɗan ƙwallo ƙafarsa ce jarinsa ba bakinsa ba, shekara nawa ake yi ana bugawa, ya tara abin da zai tara ya yi aure. Ya ce masu tafa masa a waya yau ba su za su tare masa 'yan daba gobe ba, kuma in ya yi magana mutanen garinmu za su ce ya goyi bayan waɗanda suka cinye musu gero, ni da wace fuska zan je biki. Ya ce zaɓe zai wuce, ruwa zai wanke fosta. Ban ce ƙarya yake ba, akwai gaskiya a ciki. Malam kuma ba mai yawan magana ba ne, ya ce min da can shirun Abba shiru ne, amma yanzu da hoton ke bango, shirun nasa ya zama shaida, kuma shaidar zur. Na ce to ya zan yi, ya ce ke kika ƙulla, ke za ki kwance, ya ɗauki butarsa ya fita.

Ni abin da na kasa haɗiyewa shi ne, in mai sayar da fura kamata ta ce mutumin nan ƙarya yake, iyakar maganar tsakar gidana. In Abba ya faɗa kuwa, samarin da suka zubar da nonon nan irinsu ne masu dukan kwano in ya ci ƙwallo, za su ji shi. Wataƙila su zage shi, wataƙila wasu su ji kunya. Honorabul ya san haka, shi ya sa bai ɗora hular a kan limami ko dagaci ba. Ina jin ƙyamarsa, ina jin ƙyamar masu guɗa, amma in na zauna ni kaɗai ina dama fura, kaina na fi jin ƙyama, don shi neman kujera yake, ni kuwa matar nan ta ba ɗana abin da na kasa ba shi.

To 'yan uwa ku duba min. In kira shi in ce na janye, ya faɗi abin da ke ransa, in bar wa Allah tsaron ƙannensa da makarantar Malam? Ko in ce ya fito ya ce kawai ba da yawunsa aka yi fostar ba, kar ya kama sunan kowa, ko hakan ma rabin tsoro ne? Ko in bi ta Yayana in yi shiru, in je ni kaɗai in durƙusa wa Dada in gaya mata laifina ne ba nasa ba? Masu kallon ƙwallo ku ma ku gaya min tsakani da Allah, in wanda kuke so ya fito ya yi irin wannan maganar, za ku saurare shi ko jifa za ku yi? In an taɓa min shi ni na jawo, in na riƙe shi kuma tsohuwar nan za ta hau mota tana ganin ɗan da ta shayar ya yarda da shirunsa cewa ita baƙuwa ce. Masu cewa in yi addu'a, ina yi wallahi, amsa nake nema. Ran Alhamis su Dada ke ɗaure kaya.